Talla Bashi Ce

Ranar da mutane suka fi cika rumfar Gwaggona tun da ta fara sayar da abinci, ranar ce ta kwana da asarar da ba ta taɓa yin irinta ba, kuma ni na jawo mata. Na daɗe ina so in rubuta wannan labari, kunya ce take hana ni. Mutumin da ya share shekara goma yana karanta tallace-tallacen jama'a a gidan rediyo, bai kamata a ce sai a rumfar tuwo ya san mece ce talla ba. Amma haka abin ya faru.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ni mai sunan mahaifinsu ne, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce mini ko da kuwa faɗa za ta yi mini. A hannunta na tashi a Maraɗi tun da aka kawo ni daga ƙauye aka sa ni lakwal. Mijinta ya rasu ina aji huɗu, ya bar ta da 'ya'ya mata uku, ga kuma ni. Da ta fita takaba sai ta kafa murhu a bakin hanyar da ke fita zuwa Ɗan Isa, ta fara da tukunya ɗaya ta tuwon masara da miyar kuka. A hankali rumfar zana ta koma ta kwano, benci ɗaya ya zama shida, aka ƙara shinkafa da wake, aka ƙara dambu da zogale. Kuɗin da na yi karatun aikin jarida da su a IFTIC, a Yamai, daga wannan murhun suka fito. Ƙulle suke zuwa cikin leda, takardun duk sun yi laushi, suna warin hayaƙi.

Masu cin abincinta mutanen hanya ne: direbobin manyan motoci da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya da Katsina har Kano, da yaran mota, da 'yan kamasho, da masu canjin naira da sefa, da 'yan kabu-kabu, da 'yan dako. Fiye da shekara ashirin ba ta taɓa kafa allo ba, rumfar ma ba ta da suna. Direba ne zai ce wa ɗan'uwansa a tasha, in ka shiga Maraɗi ka tsaya wajen tsohuwar nan mai miyar kuka. Iyakar tallarta ke nan, kuma ta wadatar da ita muddin motoci na tafiya.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Bayan kwana huɗu ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, ba a jima ba kuma Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take ba mu. Garin da ke rayuwa da iyaka irin Maraɗi ya ji abin a jikinsa nan take. Shinkafar da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta yi tsada, man girki ya tashi, manyan motoci suka jeru suna shan ƙura. Direban da ba ya tafiya ba ya cin abincin hanya. Gwaggo da take tuƙa tiya goma sha biyu ta gari a yini, ta koma tiya huɗu, shi ma ba ya ƙarewa.

Wata rana cikin Satumba na biya ta wajenta bayan na tashi daga aiki. Na tarar ta sallami biyu daga cikin mata ukun da ke taya ta, tana zaune tana raba wa almajirai malmalar da ta rage tun la'asar ba ta yi ba. Ba ta yi mini kuka ba, ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi, in abin ya kai ƙarshen shekara haka, za ta sayar da tukwanen ta koma gida ta riƙa soya ƙosai a ƙofar gida. Na dubi tukwanen nan da suka kai ni Yamai, na kasa cewa komai.

Abin da na sani shi na fara yi. Na shiga ɗakin ɗaukar murya na haɗa mata talla ta daƙiƙa talatin, da kiɗa a ƙasa da muryata mai daɗi a sama, na biya daga aljihuna aka yi mako guda ana sa ta bayan labaran rana. Abin da ya biyo baya shi ne gaisuwa. Duk wanda ya san ta ya tsaya ya ce, Hajiya mun ji ki a rediyo. Cinikin kuwa bai motsa ba. Na san dalili, don aikina ne. Tallar rediyo iska ce, wanda ya ji ta yana wanka ko yana kan babur, kafin yunwa ta kama shi ta bi ta kunnensa ta wuce. Tana aiki ne in an yi ta maimaita ta wata da watanni, wannan kuwa sai mai kuɗi.

Sai na fara tunanin waɗansu mutane da ke cikin gari, waɗanda rufe iyaka bai hana su cin abincin rana a waje ba: ma'aikatan ofis-ofis, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwar da ba sa komawa gida sai dare, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ba su san da rumfar Gwaggo ba domin ba hanyarsu ba ce, amma kowannensu yana riƙe da salula. Na ce bari in gwada rubutu. Kowane dare, in an kawo wuta na samu caji, sai in rubuta ɗan guntun labari game da rumfar in sa a Facebook, da Hausa, wani lokaci in ƙara layi biyu na Faransanci.

Har yau ina alfahari da waɗancan rubuce-rubuce na farko, domin babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu. Na bi Gwaggo kasuwa da asuba na rubuta yadda take zaɓen zogale, na Jiratawa take so, wanda aka tsinko a ranar, kuma ba ta yarda da wanda aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi. Na rubuta dalilin da ya sa ba ta sa wata albasa a dambu sai ta Galmi, da yadda take gane tattasan Diffa na gari tun daga ƙamshin buhu. Na rubuta yadda ake tuƙa tuwon mutum hamsin a tukunya ɗaya: a yi talge, a bar shi ya dahu sosai har ya daina warin gari, sannan a zuba gari a hankali ana tuƙawa da muciya mai tsawon yaro, a rufe a bar shi ya turara, kafin a kwashe da mara. Na ce duk tuwon da ya kwana ya saki ruwa, talgensa ne bai dahu ba. Mata da yawa suka yi ta muhawara a kan wannan magana. Na rubuta labarin nama, cewa na jar akuyar Maraɗi take saye wurin mahauci ɗaya tun shekara goma sha biyar, kuma in bai yanka ba a ranar, miyar ranar ba nama, kifi busasshe ne.

Nan na ga bambancin rubutu da tallar rediyo. Rubutu yana zama. Wani zai ci karo da shi bayan mako biyu, ya tura wa abokinsa, abokin ya tura wa matarsa. Kuma ba ya yi wa mutum ihu a kunne ya ce zo ka saya, labari yake ba shi, sai ya ji kamar ya san mai tukunyar kafin ya gan ta. Baƙin fuska suka fara zuwa, yau biyu, gobe uku, jibi babu kowa. Cikin wata biyu tiya huɗu ta koma shida. Gwaggo ta gode wa Allah. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Ina ganin waɗansu gidajen abinci na cikin gari masu gilashi da fanka suna sa hotuna masu sheƙi, dubban mutane suna yabawa, ni kuwa ina ta fama da labarin talge. Na ce ai idan kana da kyau ka ƙara da wanka.

Wata Alhamis cikin Disamba na ɗauko farantin tangaran na matata, na je rumfar lokacin da Gwaggo ta shiga salla. Na zuba shinkafa da wake na shafe ta da bayan cokali, na tsamo tsokar nama biyar mafi kyau daga tukunya na jera a kai, na yanka tumatir da albasa na kewaye, na zuba man gyaɗa har yana walƙiya, na kai farantin inda rana ke faɗowa na ɗauki hoto. A ƙarƙashinsa na rubuta kuɗin kwano, dala ɗari. Kuɗin gaskiya ne. Sai dai kwanon dala ɗari a wajen Gwaggo tsoka biyu yake zuwa da ita, kuma a kwanon silba. Na san haka sarai. Na gaya wa kaina cewa kowa ma haka yake yi, kuma duk mai hankali ya san hoto hoto ne.

Ban tsaya nan ba. Akwai wani matashi a garin mai mabiya da yawa, wanda sana'arsa ke nan, a biya shi ya yaɗa hajar mutum. Na ba shi abin da ya nema, ya ɗauki hotona ya yaɗa, ya ƙara da cewa shi da kansa ya ci, bai taɓa cin irinsa ba. Ko hanyar rumfar bai sani ba.

Ranar Asabar tun ƙarfe goma sha ɗaya babura suka fara tsayawa. Kafin azahar babu wurin zama, har motocin gida uku na gani a bakin hanya, ga yara da kuloli an aiko su daga unguwanni masu nisa. Ina tsaye a gefe ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe. Sai wata mata, da ganinta ma'aikaciya ce, ta karɓi kwanonta ta duba, ta ciro salula ta buɗe hoton, ta ajiye shi kusa da kwanon. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Inna, ina sauran naman?"

Gwaggo ba ta san da hoton ba. Ta goge hannunta a zane ta karɓi salular, ta nisanta ta daga idonta yadda tsofaffi ke yi, ta daɗe tana kallo. Ta ɗago ta neme ni cikin taron har muka haɗa ido. Sannan ta ɗauki ludayi ta tsamo tsoka uku ta ƙara wa matar. Na kusa da ita ya miƙo nasa kwanon, ta ƙara masa. Daga nan duk kwanon dala ɗari da ya fita, da tsoka biyar ya fita. Da naman ya ƙare ta kwance bakin zanenta ta aiki yaro wajen mai tsire ya sayo, a kan kuɗin da ya fi na mahauci nesa ba kusa ba, aka ci gaba da cika kwano. Na matso na ce mata a hankali, Gwaggo ki bari in yi musu bayani. Ko kallona ba ta yi ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi an kankare tukwane. A lokacin ne wani dattijo ɗan dako ya iso, mutumin da tun ina yaro nake ganinsa a ƙarshen benci na biyu, wanda yake ci bashi ya biya ranar Juma'a. Ya leƙa tukunya, ya dubi baƙin da suka cika wurin zamansa, ya ce Allah ya ƙara kasuwa, ya juya da kurarsa. Na ga fuskar Gwaggo a lokacin. Asarar naman ba ta taɓa ta kamar wannan ba.

Bayan isha'i ta sa aka kira ni gida. Tana zaune a tabarma da kuɗin yinin a baje a gabanta, ta ware na gari, na shinkafa, na itace, na mai, na mahauci, na mai tsire. Abin da ya rage bai kai ya sayi kayan miyar gobe ba.

"Babana, wanga hoton, kwanon wa ne?"

Na ce na matata ne.

"To naman na wa ne?"

Na yi shiru.

"Kai ka ci bashi da sunana, ni na biya. Wanda duk ya baro unguwarsu ya hau babur ya zo nan saboda abin da ka nuna masa, yana bi na abin da ya gani. In ban ba shi ba, ni ce maƙaryaciya, ba kai ba, don kai ba ka nan gobe."

Na ce mata ai talla ce, haka ake yi. Ta ce ita ma ta yi talla tana yarinya, da tire a ka, tana kewaya unguwa da dafaffiyar gyaɗa. In ta ce mai gishiri ce, mai saye zai ɓare ɗaya ya ɗanɗana a gabanta kafin ya miƙo kuɗi. "Mi ya sa taku ta zamani ba a ɗanɗanawa?"

Na koma gida ban yi barci ba. A makaranta an koya mana raba labari da talla, an ce kada mai sauraro ya taɓa ruɗewa tsakaninsu. Shi ya sa a rediyo ake sa kiɗa kafin talla da bayanta, kowa ya san an shiga fagen 'yan kasuwa, ya rage wa maganar gishiri da kansa. Ni kuwa na yi wata biyu ina ba mutane labarai na gaskiya da sunana na ɗan jarida har suka amince da ni, sannan na zura musu talla ta wannan ƙofar ba tare da kiɗa ba. Abin da ya sa suka zo da yawa ranar Asabar, amanar da labarin talge da zogale ya tara ce, ita na kashe a yini ɗaya. Mako na gaba, cikin duk taron nan, waɗanda suka dawo ba su kai goma ba, kuma biyu daga cikinsu sun yi fushi da suka ga tsoka biyu.

Na so in bar abin gaba ɗaya, Gwaggo ce ta hana. Ta ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa, amma bisa sharuɗɗanta. Ba za a ɗauki hoton kwano ba sai wanda aka zuba wa mai saye, a hannunsa, in ya yarda. Ba za a nuna fuskarta ko ta matan da ke taya ta ba, biyu matan aure ne, ita kuma tana tsoron baki. Kullum a faɗi abin da aka dafa da kuɗinsa, in ya ƙare a sanar ya ƙare, kada wani ya ƙona mai a banza. Kuma kafin a sayar wa kowane baƙo, za a ware kwano goma na tsofaffin masu zuwa a rufe a ajiye. Ni ma na ƙara nawa: duk abin da na rubuta game da rumfar, zan faɗa a ciki cewa mai ita gwaggona ce. Rubutun farko da na yi bayan haka na neman gafara ne. Na sa tsohon hoton kusa da hoton kwanon gaskiya, na ce na farkon ni na shirya shi, ba da saninta ba.

Autarta ce ta nuna mini wani kuskuren da ban lura da shi ba. Ta ce, Yaya, kai kana rubutu, alhali rabin masu cin abincinmu ba sa karatun boko. Gaskiyarta. A Nijar manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai rabi ba, amma ɗan kabu-kabun da bai iya karanta layi ɗaya ba yana yini yana sauraron saƙon murya a WhatsApp. Abin kunya, ni da nake cin abinci da murya sai yarinya ta tuna mini. Ta sayi layi na rumfar, ta riƙa karɓar lambar duk wanda ya ci ya ji daɗi, tana sa shi ya ajiye tata, domin abin da aka ɗora a status ba ya isa sai ga wanda kuka ajiye lambar juna, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Wannan ɓacewar ta dace da abinci. Kowace safiya da hantsi sai in aiko da 'yar gajeriyar murya: yau akwai kaza da kaza, kuɗinsu kaza. Dogon rubutu kuma ya koma sau ɗaya a mako, shi ke jawo sabon mutum, muryar safe ke dawo da shi.

Rubutun da ya fi kowanne amfani ba na yabon abinci ba ne. Cikin Janairun 2024 kaya suka ƙara tsada har Gwaggo ta ga ba za ta iya riƙe tsohon kuɗi ba. Masu abinci da yawa a irin wannan hali malmala suke ragewa a ɓoye, ko su tsawaita miya da ruwa. Ita ta ce ƙara kuɗi za ta yi, kuma in faɗa wa mutane dalili. Na zauna da ita muka lissafa abin da ke shiga kwano ɗaya, daga gari har itace har ladan mai wanke-wanke, na rubuta yadda yake a da da yadda ya koma, na ce daga Litinin kwanon dala hamsin ya zama dala sittin, malmala tana nan yadda take. Na yi zaton za a gudu. Ranar Litinin mutane suka zo da dala sittin ɗinsu a hannu, ba wanda ya yi ciniki.

Da azumi ya kama cikin Maris sai wata ƙofa ta buɗe da ba mu taɓa tunaninta ba. Wani ɗan Maraɗi da ke aiki a wuraren haƙar zinariya na arewacin Agadas ya kira layin rumfar. Ya ce yana bin rubutun tun farko don yana tuna masa gida, mahaifiyarsa tana nan cikin gari ta tsufa, yana so a riƙa kai mata dambu da zogale kullum kafin shan ruwa. Ya turo kuɗin wata guda ta Nita. Bayansa wani ya kira daga Abijan, wani daga Libiya. Waɗannan mutane ba za su taɓa ɗanɗana abin da suka saya ba, ba su da abin dogaro sai maganarmu. Da a ce sun ga hoton tsoka biyar ba su ga neman gafarar da ya biyo baya ba, ban jin akwai wanda zai damƙa mana cikin mahaifiyarsa.

Ba na so in sa wa wani rai cewa abin sauƙi gare shi. Yana cin kuɗin intanet, yana cin lokaci. Akwai mai sa a zuba masa kula biyar ya kashe salula, akwai ɗan kabu-kabun da zai kai miya rabinta a cikin leda. Ranar da gishiri ya yi yawa, da mutum ashirin ne za su sani, yanzu gari ne. Kuma tun da abin ya kama, masu gidajen abinci sun fi biyar da suka same ni da ambulan, wai in zo in ci in rubuta, wasu har da roƙon in ambace su cikin shirina. Sau ɗaya na je. Aka shigar da ni ɗaki na musamman, aka kawo mini faranti da na tabbata ba irinsa ake kai wa na waje ba. Ina dubansa na gane shi, farantin matata ne ya dawo mini. Na ci, na biya kuɗin abincina, na mayar da ambulan. Abin da nake gaya musu yanzu shi ne, su sa ɗansu ko 'yarsu da ke wurin kullum ya riƙa faɗin abin da ke cikin tukunya, in kuma talla suke so, ga ofishin tallace-tallace na gidan rediyo, za a sa musu da kiɗanta.

An ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024, cikin Maris kuma aka buɗe iyakar Nijeriya. Motoci suka fara motsi, direbobi suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nufi bencin da ya saba. Yawancinsu ba su san an yi wani rubutu ba. Yanzu rumfar tana da jama'a iri biyu, na hanya da na salula, matan nan biyu sun dawo aiki, an ƙara ta huɗu. Dattijon nan ɗan dako sai da Gwaggo ta aika har inda yake kwana aka ba shi haƙuri kafin ya dawo. Kwanonsa yana cikin goman da ake rufewa.

Muryar safe ma an karɓe ta daga hannuna. Wata rana mura ta kama ni ban aiko ba, autar ta kai salula bakin Gwaggo tana tsakar kwasar tuwo. Aka ji ƙarar mara a jikin tukunya, aka ji ta tana cewa, "Tuwo ya sauka, miyar kuka ce da ta kuɓewa, dambu kaɗan ne yau, mai so ya yi sauri." Ba gaisuwa, ba kiɗa. Aka ce ranar kafin azahar dambu ya ƙare. Tun daga nan ita ke yi, ni kuma an bar mini rubutun mako, shi ma sai an karanta mata ta amince.

Jiya ina cikin ɗakin watsa shiri, saura minti biyu in buɗe makirufo, salulata ta yi motsi. Na kara a kunne. Gwaggo ce take sanar da mutanen gari cewa mahaucinta bai yanka ba, miyar yau kifi ce, wanda nama ya kawo shi ya bari sai gobe.